Kafin ka zaɓi furoksin da zai buɗe HTTPS, duba yadda yake taɓa heda

Jama'a masu kula da netwok a makaranta ko ofis, tambayar da na fi samu ita ce wane furoksi za a saya (wato sabar da ke tsakanin kwamfutocinku da intanet), ni kuma kullum sai in mayar da tambaya: me kake so ka yi da heda ɗin, wato 'yan layukan bayani da burauza ke haɗawa da kowace buƙata da ta aika wa shafi? Domin nan ne kuɗi da wahala suke.

HTTPS kulle bayanai yake yi tsakanin burauza da shafi. In ba ka buɗe komai ba, burauza buƙatar haɗi da ake kira CONNECT kawai take aiko wa furoksi, da sunan shafin da lambar ƙofar HTTPS, wato 443, shi ke nan, sauran su Cookie da User-Agent da cikakken adireshin duk a kulle suke wucewa, furoksi ba ya gani balle ya canza. To in toshe shafi ne kawai buƙatarka, sunan nan ya ishe ka, kar ka ɗora wa kanka nauyin buɗe sirrin mutane. Amma in kana so ka cusa heda irin YouTube-Restrict don taƙaita bidiyo wa ɗalibai, ko X-GoogApps-Allowed-Domains don kar a shiga da akawun ɗin Google na waje, dole furoksi ya tsaya a tsakiya ya ƙera satifiket nasa, wato shaidar da shafi ke nuna wa burauza, kai kuma ka bi kowace kwamfuta ka saka mata tushen satifiket ɗin.

A cikin furoksin da ake da su, Squid shi ne na masu haƙuri. Kyauta ne, kuma tun siga ta 3.5 yana da peek da splice da bump, wato ya leƙa sunan shafi, in na banki ne ya bar shi ya wuce a rufe, in ba haka ba ya buɗe. Abin da nake roƙo a kula da shi sosai shi ne, da zarar ya buɗe, yana ƙara hedar Via da ta X-Forwarded-For da kansa, wannan na biyun kuwa adireshin IP na cikin gida yake kwasa ya miƙa wa sabar waje, sai ka sa forwarded_for delete da via off a saitinsa kafin ya daina, kuma layin ƙara heda na request_header_add da ka rubuta ba zai taɓa abin da aka yi wa splice ba, mutum sai ya kwana yana neman kuskure a layin alhali shafin ne ba a buɗe ba. Sannan HTTP/1.1 yake magana da shi, ba HTTP/2 ba. Masu manhajar tsaron netwok ta pfSense kuma ku sani a 2023 Netgate, kamfanin da ke yin ta, ta sanar za ta janye kunshin Squid, kar ku gina sabon tsari a kai.

FortiGate da ire-irensa akwati ne ka saya, akwai duba satifiket kawai, akwai buɗewa gaba ɗaya, ƙara heda kuma yana cikin saitinsa. Sauƙi ne gaskiya, amma lasisin shekara-shekara da dala ake lissafa shi, don haka kar ka kalli kuɗin akwatin kaɗai.

In kai mai rubuta manhaja ne, kana son ganin me af ɗinka ke aikawa, duk waɗancan sun yi maka yawa. mitmproxy kyauta ne, yana jin HTTP/2, ka buɗe mitm.it a waya ka sauke satifiket, ka canza heda da modify_headers ko 'yar rubutun Python, ni shi nake fara ba mutum shawara. Charles na kuɗi ne, na gwajinsa yana rufe kansa bayan minti 30, amma ya fi daɗin kallo. Burp Suite na masu gwajin tsaro ne.

Wani abu da babu wanda ya tsira daga gare shi: tun Android 7 a 2016 manhajoji ba sa yarda da satifiket ɗin da mai waya ya saka da hannunsa sai in mai manhajar ya ba da dama, wasu kuma sun ƙulle kansu da satifiket ɗaya tak. Ka gwada da wayoyin mutanenka na sati guda kafin ka biya ko sisi, kuma don Allah ka sanar da su a rubuce cewa ana buɗe abin da suke aikawa, bankuna da asibitoci ka cire su daga jerin shafukan da ake buɗewa tun ranar farko.