Gargaɗi ga direbobi da masu manyan motoci a Jos: ana yawo da jabun gwangwanin diraya

Salamu alaikum 'yan uwa direbobi, iyayen gidanmu masu motoci, da abokan sana'a kanikawa. Ni aikin birkin iska nake yi a nan Jos, kuma abin da ya sa na ɗauki waya na rubuta wannan, mota uku ke nan aka kawo mini da ciwo iri ɗaya tun shigowar damina.

Akwai wani mutum, ba shi da shago, a bayan but ɗin ƙaramar mota yake zuba kayansa yana bin garejoji da wuraren da tireloli ke kwana. Gwangwanin diraya yake sayarwa, wato abin da ke tsotse damshi daga iskar birki, wanda wasu ke ce wa filtar iska, cikin kwali mai ɗauke da sunan manyan kamfanoni irin su Wabco da Knorr-Bremse. Kamfanonin nan ba ruwansu, sunansu aka ara aka yafa. Zai ce maka kwantena ce aka yi gwanjonta a Legas, shi ya sa yake bayarwa a kusan rabin kuɗi. Bakinsa kuwa kamar zuma.

Na ƙarshe da aka kawo mini wata DAF ce mai ɗaukar masara daga Mangu. Direban ya ce mini, "Oga, birki na yi mini nauyi, in na taka sai ya yi jinkiri kafin ya kama, kuma agogon iska na saurin sauka." Na shiga ƙarƙashi na ja zoben da ke gindin tankin iska. Abin da ya feso mini a hannun riga ba iska ba ce, ruwa ne ja mai tsatsa haɗe da baƙin mai, ya daɗe yana zuba. Na ce yaushe rabonka da canza diraya? Ya ce ko wata biyu ba a yi ba, har ya ɗauko mini kwalin daga bayan kujera.

Na kwance gwangwanin na sa zarto na yanka shi a gabansa. Na kirki in ka buɗe, ƙananan ƙwayoyi za ka gani masu haske kamar gero, a matse da sifirin, su ne ke shanye damshin da kwamfireso ke turowa kafin iska ta isa tanki. Wannan kuwa rabinsa tsofaffin ƙwayoyi ne da mai ya riga ya kashe sun yi baƙi ƙirin, sauran yashin rafi ne. Tsohon gwangwani ne aka tsinto wajen 'yan gwangwan, aka cika, aka liƙe, aka fesa fenti. Direban ya zauna a kan taya ya kasa cewa komai, domin washegari Hawan Kibo zai gangara da lodi.

Ga inda mutumin yake kama mutane. Da an ɗaura, sai ya ce a tayar da mota, iska ta cika, a ji "fusss" ɗin nan, ya ce ka ji ko, tana aiki. Wannan ƙara ba shaida ba ce. Bawul ɗin da ke ƙasan diraya ne ke buɗewa idan iska ta kai iyakarta, ko da duwatsu ne a gwangwanin zai yi kukansa. Jabun diraya ba ya nuna kansa ranar da aka ɗaura shi. A hankali ruwa ke taruwa ya cinye gurbin iska a tanki, tsatsa ta kama bawul-bawul, ƙurar yashi ta bi fayif ta cinye robobi. Wata rana ka taka ka ji babu, ko iska ta zube birkin sifirin, wanda ke kamawa da kansa in babu iska, ya damƙe ƙafafun baya a tsakiyar titi. Mu da muke saman dutse, ta Akwanga ka bi ko ta Bauchi gangara ce ke jiranka.

Kafin ka ba da kuɗi, fito da shi daga kwali ka kife shi. Dubi ramukan da ke gindinsa da zaren da ake murɗawa: sabo tas yake, ba baƙi, ba warin mai. Shafa jikinsa, in ka ji sawun sarƙar da aka taɓa kwance shi da ita a ƙarƙashin fenti, ajiye masa kayansa. Girgiza shi kusa da kunnenka, na gaske ba ya kacau-kacau. Kuma in ya ce maka guda ɗaya yana shiga kowace mota, ƙarya ce. Da yawa girman zarensu wanda ake ce wa M39 ne, amma akwai masu wani girman, akwai ma waɗanda ta hagu ake ɗaure su.

Sai dai gaskiya ɗaya, kada mu ɗora wa ɗan damfara duka laifin. In kwamfiresonka na amai da mai, ko na asali ka saya ba zai yi ƙarko ba. Kuma da yawanmu mun daina jan zoben tanki da safe, an bar wa yaron mota, shi ma ya bar wa Allah. Duk wanda ya sayi diraya a hannun mai yawo cikin 'yan watannin nan, ya zubar da ruwan tankunansa kaf yau, ya sake dubawa bayan kwana uku. In ruwa ya dawo, cire shi.

Gwangwanin da na yanka yana nan a garejina ban yar ba, da shi da kwalinsa. Na yi wa shugabannin ƙungiyarmu magana a kai wa hukumar SON, mai kula da ingancin kaya. Wanda mutumin nan ya sake zuwa wurinsa, kada a taɓa shi, a dai ɗauki lambar motarsa a miƙa wa ciyaman.