Bidiyon da aka nuna mini a sashen gaggawa daren da asma ta tashi wa ɗana

Ƙarfe biyu saura na dare muka shiga sashen agajin gaggawa na wani asibiti a nan Kano, autana mai shekara 7 saɓe a kafaɗar babansa, numfashinsa na fita kamar ana busa usur. Watan Janairu ne, hazo ya kwana uku a gari. Aka maƙala masa ɗan abin awon oksijin na jini a yatsa, ya nuna kashi 89 cikin ɗari. Sista ta ce tun da ya gaza 92 sai an sa masa oksijin. Aka sa, aka haɗa da nebulaiza, na'urar da ke mayar da magani tururi a shaƙa.

Likita ya yi mini bayani a tsaye, amma wallahi ban riƙe komai ba sai kalmar asma. Ina kallon haƙarƙarin ɗana na lotsawa, ina na ga kunnen sauraro?

Sai bayan sallar asuba, da yaron ya samu barci, sista ta jawo mini kujera ta miƙo wayarta. "Maman yaro, kalli wannan kafin a sallame ku." Lokacin da ta zaɓa shi ne rabin amfanin abin. Da tun shigowarmu ta kawo, ko kallonta ba zan yi ba.

Bidiyon bai fi minti huɗu ba, zane ne mai motsi. An nuna hanyar iska a huhu kamar tiyo: cikinta ya kumbura, majina ta taru, tsokar da ke zagaye da ita ta shaƙe ta. Shuɗin abin shaƙa, salbutamol, wanda muka fi sani da Ventolin, tsokar yake saki cikin 'yan mintuna, aikinsa kuma na 'yan awoyi ne. Mai ruwan ƙasa shi ke rage kumburin, kullum ake shaƙarsa ko yaro na cikin ƙoshin lafiya, sannan a kurkure baki. Ni kuwa shi na jefa a durowa tuntuni, wai ba ya aiki.

Inda kunya ta kama ni shi ne wajen yadda ake shaƙar. Shekara guda ina fesa wa yaron nan magani a baki kamar turare, biyu a jere, ashe yawancinsa a maƙogwaro yake tsayawa. Sai an girgiza, a sa a bututun da ake kira sifesa, a danna sau ɗaya, ya ja numfashi a hankali kamar sau biyar, kafin a sake dannawa. Da na ce ba mu da bututun, sista ta ɗauko robar ruwa mai cin rabin lita, ta nuna mini inda ake huda gindinta a cusa bakin maganin. Na ɗauka dabarar talaka ce kawai. Daga baya na karanta cewa likitocin yara a Cape Town ta Afirka ta Kudu sun gwada ta tun 1999, kuma ta yi aiki.

Ƙorafina biyu game da bidiyon. Da Turanci aka yi shi, sai da sista ta riƙa tsayarwa tana fassara wa matar da ke gadon kusa da mu, alhali wasu marasa lafiyan na jiranta. Sannan abubuwan da ya ce suna tayar da ciwon na wata ƙasa ne: gashin kyanwa, ƙurar furanni, kafet. Ba turaren wuta, ba maganin sauro na kunnawa, ba hayaƙin janareta ko na icen girki. Alamomin haɗari dai ya faɗe su sarai: yaro ya kasa ƙarasa magana, fatar tsakanin haƙarƙari ta riƙa shiga ciki, leɓe ya canza launi, ko an shaƙa babu sauƙi.

Na roƙi sista ta turo mini ta WhatsApp. A gida na kunna wa Hajiya, surukata, wadda ta daɗe tana cewa wanda ya fara shaƙe-shaƙen nan ba ya dainawa. Ta kalla sau biyu ina fassarawa. Ba ta ce ta yarda ba, amma ranar Juma'a da kanta ta sa aka fitar da kaskon turare tsakar gida.