Kayan Ertugrul na yaro: a sayi haɗaɗɗe ko a haɗa a gida?

Maman Abba, kin tambaya ko ki saya wa yaronki haɗaɗɗen kayan Ertugrul, jarumin shirin nan na Turkiyya, da kika ga ana tallarsu a waya, ko ki haɗa masa a gida don Sallah. Ki haƙura da haɗaɗɗen nan. Da naira 15,000 ɗin da kika ce ita ce iya ƙarfinki, ki haɗa wa yaron kayan Ertugrul ɗinsa a nan gida: tela ya yi nasa, baduku ya yi nasa, kafinta ya fere masa takobi. Wata guda kafin Sallah ya isa, in dai ba a yi sanya ba.

Haɗaɗɗen, abin da zan iya yaba masa biyu ne, yana zuwa da wuri kuma yana kyau a hoton ranar farko. Na taɓa sayen irinsa, bai ga Sallah ta biyu ba. Abin da suke kira fata leda ce, wato roba ce siririya aka shafe a kan ƙyalle. Rana ta dake ta, gumi ya jiƙa ta ta ciki, sai ta fara tsagewa a hammata da wuya da duk inda jiki ke lanƙwasawa, daga nan ta riƙa saɓulewa tana manne wa yaro a riga. Leda in ta fara haka ba ta da magani, ba a ɗinke ta, ba a shafe ta.

Ki fara sanin abin da ke sa a hango yaro a ce ga Ertugrul. Shirin na Turkiyya ne, tashar TRT 1 ta nuna shi daga 2014 zuwa 2019, labarin Ertugrul ne, wanda ɗansa Usman ya kafa Daular Usmaniyya, kuma a cikin zango biyar ɗin shirin jarumin ya sauya kaya ba adadi. Abin da ido ya riƙe guda huɗu ne: hula mai gashi a baki, falmaran ta fata, ɗamara mai faɗi, da tambarin ƙabilarsa ta Kayi, wanda ya yi kama da an rubuta IYI, sanda biyu a tsaye da mai reshe a tsakiya. In waɗannan suka fito, ko da tsohuwar jallabiyarsa ce a ciki za a gane shi. Don haka can kuɗin zai tafi.

Hular ce kan gaba. Ki auna kansa da tef ta saman kunne, ki ƙara inci ɗaya. Misali in kan ya ba ki inci 21, kin sami 22, ki raba huɗu, kowane ɓari inci biyar da rabi ke nan a gindi. A yanka ɓari huɗu masu tsini a sama kamar ɓarin kankana, tsawon kowanne inci shida zuwa bakwai, a bar rabin inci a kowane gefe don ɗinki. Wannan ƙarin inci ɗayan mutane ke mantawa, sai an naɗa gashi hula ta matse, yaro ya yini da ciwon kai. Gashin kuma ba sai an je nema nesa ba, buzu ne. Ki sa babansa ko kawunsa ya duba wajen masu fata ranar Lahadi a kasuwar Gujungu ta Jihar Jigawa, ya nemi ƙaramin buzu baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, ko ma guntu ne. Ya shinshina, sannan ya kama gashin da yatsu biyu ya ja. In gashi ya biyo hannu, jimar ba ta yi ba, ya bar shi. Kada kuma a ce za a yi da fatar layya da aka shanya a kan katanga. Busasshiyar fata daban, jemammiya daban. Waccan da ta ji gumi za ta yi wari, ta ƙandare, ƙwari su shige ta.

A shanya buzun kwana biyu a kakkaɓe, sannan a kife shi a yanka ta baya da reza, tsawonsa kewayen kan yaro da ƙarin inci biyu, faɗi inci uku. Ba da almakashi ba. Almakashi yana datse gashin tare da fatar, bakin ya fito kamar an yi masa aski, reza kuwa fatar kawai take tsagawa, gashin ya zubo ya rufe ɗinkin. Da hannu ake ɗinka shi a jikin hular, da babbar allura da zaren lilo.

Falmarar ita ce abin da ya sa nake cewa ki haɗa. Akwai wadda aka yi wa ɗan ƙanwata daga jaket ɗin fata na gwanjo, wani baduku dattijo da ke zama a gindin darbejiya a bakin kasuwarmu ya yanka ta. Sallah uku ke nan. Inda hamila ke gogar kafaɗa ya yi duhu yana ɗan sheƙi, gefen rigar ya yi laushi kamar huffi, ga wani tabon manja a ƙirji da ya shige cikin fatar ya zama kamar da gangan aka yi. Yanzu ƙanensa ke sa ta, an matse igiyar gaba kawai, kuma yaran unguwa har aro suke zuwa in za su yi tashe. Fata ta gaske tsufa ƙara mata kyau yake yi, kuma kayan mayaƙi dama ba sababbi ake son su ba.

Jaket ɗin babba guda ɗaya ya ishi yaro ɗan shekara goma har da ragowa. In akwai mai shiga Kano, Ƙofar Wambai ce gidan gwanjo, ko da yake masu gwanjon kasuwannin ƙauye ma sukan zo da su, kuma da sanyi ya wuce kuɗinsu yake faɗuwa. A nemi wanda zif ɗinsa ya lalace ko hannu ɗaya ya yage, ya fi araha, mu kuwa ba zif muke so ba. Sai dai a fito da shi rana a duba. A zura hannu ta inda shafi ya ɓarke a taɓa bayan fatar: ta gaske bayanta gashi-gashi ne kamar cikin huffi, leda kuwa saƙar ƙyalle za a gani. A ninke kwalar a murza da babban yatsa, in ta yi fari-fari ko ta bar ɓurɓushi a hannu, a ajiye.

In an kawo, a cire hannuwan biyu a adana, a cire zif, a farke shafin nailan na ciki gaba ɗaya saboda zafi. A huda rami shida a kowane gefen gaba, inci biyu tsakani, a zarga igiya kamar ta takalmi. Masu haɗa takalmi suna da ƙarfen hudawa da ƴan zobban da ake bugawa a bakin rami, minti kaɗan ne aikin. Fatar jaket ba ta da kauri, keken tela na ƙafa yana ɗinka ta, amma ki gaya masa ya sa allura lamba 18 kuma ya buɗe ɗinkin. In ɗinki ya yi ƙanana a jere, fatar yake hudawa kamar takardar rasit, yaro na ɗaga hannu ta yage a kan layin. Kada kuma ya kafa mata fil, ramin ba ya rufewa, ya kama da maƙalar shanya.

In kina son ƙirjin ya yi kama da sulke, a yanka ragowar fatar ƙanana, inci biyu da inci uku, a jera daga ƙasa zuwa sama, kowane layi ya hau kan na ƙasansa kamar kwanon rufi. Gam ɗin takalmi ake sawa, kuma nan ake yawan kuskure: ana shafa wa fuska biyu ne siriri, a bar shi minti biyar zuwa goma har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa a danna. In aka haɗa da ɗanyensa, da rana ta taɓa shi zai zame. Bayan gam a bi saman kowane layi da ɗinki ɗaya. A yi aikin a tsakar gida, warinsa yana hawa kai, kuma nesa da murhu don yana kama wuta. Tambarin kuma a yanka shi daga fata mai haske a ɗinka a ƙirji. Na ga masu yankawa daga gwangwanin madara don ya yi ƙyalli, don Allah kar ki yarda, bakinsa reza ne.

Hannuwan da aka cire su ne abin ɗaure hannu: a yanke inci shida daga kowanne, a tsaga, a huda, a zarga igiya. Ɗamara kuma a nemi guntun kirgi wajen baduku, faɗin yatsu huɗu, ko a ɗora tsohon bel ɗin babansa a kan ƙyalle mai kauri da aka naɗa sau biyu a ƙugu. A goga Kiwi ruwan ƙasa a bakin duk inda aka yanka, farin yankan ya ɓace.

Rigar ciki ba ta da wahala. Yadi biyu da rabi in mai faɗin inci 60 ne, uku in ƙaramin faɗi ne. Marar sheƙi, ruwan ƙasa ko shuɗi mai duhu. Shadda ba ta shiga nan ko kyauta aka ba ki, ƙyallinta kaɗai zai mai da shi ango. Ɗinkin kamar kaftani ne, ya sauka ƙasan gwiwa kaɗan, da tsaga a gefe biyu har cinya don ya iya gudu, ba aiki a wuya. A wanke yadin kafin a yanka, auduga tana shiga. In farin yadi ne a gida, bagaruwa za ta rina shi: a daka cikin tafi biyu, a tafasa a ruwa lita biyar na rabin awa, a tace, a jiƙa yadin ya kwana, zai fito ruwan ƙasa. In ana son ya ƙara duhu, a tsoma shi a ruwan da tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa suka yi kwanaki a ciki, zai juya toka-toka mai duhu. Amma irin su auduga ke kama wannan rinin, yadin roba ba ya kamawa da kyau. Ki zare zare ɗaya ki kai bakin ashana, in ya zama toka auduga ce, in ya narke ya dunƙule roba ce, kar ki ɓata bagaruwarki. A tsohon bokiti za a yi, ba a tukunyar miya ba. Kuma ki kai wa tela kafin goma ga azumi. Bayan nan kin san halin da suke shiga, kuma aikin da ba su saba ba shi suke turawa ƙarshe.

Takobi na katako, ba na ƙarfe ba, ko da yaron zai yi birgima. Na ƙarfen da mahaya ke ratayawa a hawan Sallah ba abin hannun ɗan shekara goma ba ne, kuma a taron Sallah jami'an tsaro ba sa wasa da mai riƙe da makami, ko wane ne. Kafinta ya yanko guntun katako marar nauyi, kaurin rabin inci, tsawon inci 22 zuwa 24, ya ɗan lanƙwasa shi, ya dakushe bakin ya zagaye tsinin, ya bi da samfefa har sai ba sartse. Fenti ruwan azurfa shafi biyu sirara, na farko ya bushe kafin na biyu, in aka labta lokaci ɗaya zai yi hawaye. Mariƙin a naɗe shi da tsirin fata. Kube kuma kwali ne: a naɗe takobin da takarda ninki biyu tukuna, a lanƙwasa kwalin a kansa, a rufe da ragowar fata, sannan a zare takardar. Ita ce ke barin sararin da takobi zai shiga ya fita ba tare da ya goge fentin ba. Takalmi kada ki kashe masa ko sisi. Baƙin sau-cikinsa na makaranta da guntun ƙyalle mai duhu a naɗe a ƙwauri ya wadatar.

Ba ki tambaya ba, amma tun da na ga hoton da aka turo miki sai na faɗa. Da yawan masu tallar nan hoton shagunan Turkiyya suke ɗaukowa, kayan da ke hannunsu daban. Za su ce a tura kuɗi duka a sa a mota, in kaya ya iso ki ga hula kamar ta jariri, ki kira a ce ba a mayarwa, wani ma layin ne zai daina shiga. Cinikin biri a sama ke nan. In har zuciyarki ta nace, ki ce ya ɗauki bidiyon kayan a hannunsa da tef a kan hular, ya juya bayan fatar ki gani, kuma wani naku da ke Kano ya je ya karɓa hannu da hannu kafin a biya. Wanda ya ce ba shi da shago kuma ba ya haɗuwa da kowa, ki bar shi da kayansa. A wajen gwanjo ma akwai masu shafe leda da mai ta yi sheƙi su rantse fata ce, shi ya sa na ce a fito da ita rana.

In kuɗin ya gaza, ga yadda za ki bi: hula, falmaran, ɗamara, takobi, riga a ƙarshe. Kuma ki tuna kayan ƙasar sanyi ne, Sallar kuma tana iya faɗowa cikin zafi. Ya je idi da kaftaninsa, sai bayan la'asar ya sa waɗannan, da singileti na auduga a ciki. In ya cire, a rataye falmarar a inuwa ta sha iska kafin a ajiye, kada a cusa ta a leda, hular kuma a cika ta da tsumma don kada ta lotse.