GARGAƊI: mai tallar Hellcat a Abuja ya cinye mini Naira miliyan 21

Salamu alaikum jama'a. Wallahi ban so yin wannan rubutun ba, amma jiya aka nuna mini mutumin nan har yanzu yana ɗora motoci a status ɗinsa na WhatsApp kamar bai yi komai ba, Mustang, Camaro, har da GT-R. Naira miliyan 21 ya karɓa a hannuna. Miliyan ashirin da ɗaya. Babu mota, babu kuɗi, wayarsa kuma a wajena ta daina shiga.

Kafin wani ya zo kwament yana ce mini ai son banza ne ya ja, a tsaya a ji. Ni ba jiya na fara sayen mota ba, kuma ba a Instagram na tsince shi ba, a ɗaurin aure muka haɗu a Gwarinpa, wani da nake ganin girmansa ne ya gabatar da shi ya ce ai wannan shi ne ke kawo wa manyan yara motocin gudu daga Amurka. Kuma motar nan na gan ta da idona, na zauna a cikinta. Dodge Challenger SRT Hellcat, baƙa wuluk, tana ajiye a wani gida a Jahi, maigadi ya buɗe masa get yana ranka ya daɗe Alhaji. Wa zai ga haka ya yi zargi?

Abin da ya kasa fita daga raina shi ne makullin. Duk wanda ya san Hellcat ya san makulli iri biyu gare ta, baƙi da ja. Da baƙin ƙarfin doki 500 kawai take ba ka, sai da jan take sakin 707 ɗin gaba ɗaya. Ya zaro jan daga aljihun kaftaninsa ya ɗora mini a tafin hannu ya ce, "Yallaɓai kai za ka tayar da ita, ni na san mai son mota in na gan shi." Na danna ta tashi, gidan nan kaf sai da ya amsa. Ya ɗaga bonet, ga injin V8 lita 6.2, ga sufacaja, na'urar da ke tura wa inji iska don ƙara masa ƙarfi, zaune a samansa, da na taka mai sai ka ji wannan siririn kukan nata da ba a iya yi wa jabu. Jan makulli a hannuna fa. Ina kwanciya sai in ga lokacin, yadda ya miƙo shi yana murmushi ko hannunsa bai yi rawa ba.

A nan ne ya ce wannan an riga an sayar wa ɗan wani babban mutum, amma 'yar uwarta ta 2016 tana kan ruwa, zai bar mini a miliyan 55 in na ba da kafin alƙalami. Na tura miliyan 12. Au, kafin nan ma ya turo mini takardar lodin jirgi da lambar VIN, wato lambar shaidar da kowace mota take da tata, na saka lambar a intanet ta fito Dodge Challenger 2016, ƙirar Kanada. Daidai ne kuwa, don a garin Brampton na Kanada ake haɗa su a lokacin. To me kuma ake so mutum ya yi?

Kuma ya san harkar, wannan ne yake ƙona mini rai. Shi ya ce mini Dodge sun daina ƙera Challenger tun Disambar 2023, saboda haka mai irinta ajiya ya yi, kuma gaskiya ne sun daina. Na tambaye shi ko ta Kwatano za ta biyo, ya yi dariya ya ce Yallaɓai ai tun Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, ni ba na fasa-ƙwauri, ta tashar jirgin ruwa ta Tin Can a Legas za ta sauka a biya kwastam a ba ka takardunka cif. Duk abin da ya faɗa a kan mota gaskiya ne. Motar ce kawai babu.

Miliyan 6 kuma na kuɗin kwastam ne, ya kira ni da daddare wai jirgi ya iso in ba a fitar da ita da wuri ba kuɗin ajiya zai fara hawa kullum. Na tura. Sai miliyan 3 na tirelar da za ta ɗauko ta daga Legas, wai irin wannan ba a tuƙo ta a hanyar Lokoja saboda ƙasanta gajere ne, wannan ma magana ce mai hankali. Ina ga ma na tirelar ne ya zo bayan hoton da ya turo na wata mota a lulluɓe da tamfol. 12 da 6 da 3, miliyan 21, duk alat ɗin suna wayata. Na ƙarshen ba asusunsa ba ne, wai na ejan ɗinsa ne na tashar jirgi.

Daga nan sai labarai. Yau direban tirela ba shi da lafiya a Ibadan, gobe an tsayar da su a hanya, jibi mahaifiyarsa tana asibiti ku sa mu a addu'a. Na ma yi masa addu'ar wallahi.

Makanikina na Apo ne ya warware mini komai. Na je gyaran wata motar daban, ina ba shi labari cikin murna na nuna masa VIN ɗin, ya karɓi wayar ya sa ɗan yatsa yana ƙirga haruffan, su 17 ne, ya tsaya a na takwas ya yi shiru. Ya ce, "Oga wannan G ne. Da Hellcat ce 9 za ka gani a nan." G ita ce ta ƙaramin inji, V6 lita 3.6, ƙarfin doki 305, wadda ake kira SXT. Ko rabin 707 ba ta kai ba. Ya sake bincika lambar sai ga hotunanta a filin gwanjon motocin da inshora ta yafe a Amurka, ruwa ya shanye ta, laka har kan kujeru, kuma ma fara ce. Wato ko da motar ta zo ɗin, gawa zai kawo mini ya manna mata tambarin mage na Hellcat.

Na koma gidan Jahi. Maigadin ya ce ai wancan ba maigidan ba ne, wai mai kawo wa maigida masu saye ne, yana zuwa ya karɓi makulli in maigida ya yi tafiya. Maigidan da kansa bai san da zancena ba, motarsa kuma bai taɓa sa ta a kasuwa ba. Wanda ya haɗa mu yanzu sai haƙuri yake ba ni, wai shi ma a masallaci ya san shi. Haƙuri zai biya miliyan 21? Kuɗin filina ne na Kubwa da na sayar, iyalina har yau ba su san duka adadin ba.

Na kai ƙara EFCC, lauyana ya ce kar in saka suna da hoto tukuna, shi ya sa kuka ga ban faɗa ba, amma sikirinshot na hirarmu da rasit na banki da takardar jirgin ta bogi duk zan ɗora, da voice note ɗin da yake rantsuwa da Alƙur'ani.

Ku dai kar ku ba da ko sisi kan motar da ke kan ruwa. A kai VIN wa makaniki ya karanta harafi na takwas, sunan asusu kuma ya zama na mai motar.

Dogo ne, fari, yana sa gilashi, ba ya rabuwa da carbi, kowa Yallaɓai yake ce masa. In akwai wanda ya taɓa miƙa wa jan makulli a Jahi ya yi mini magana ta inbox, ina haɗa sunayenmu ne a kai wa lauya tare, an riga an samu mutum biyu, ɗaya ma a kan Mustang ne.