Man terbinafine da cin ruwan ƙafar Baba: fata ta warke, farce kuwa sai da muka koma asibiti

Salamu alaikum. Na daɗe ina son in yi bayanin man nan saboda na san gidaje da yawa akwai mai ciwon suga, kuma ƙafa ita ce ake mantawa da ita har sai abu ya ɓaci. Mahaifina ya kai shekara 11 da ciwon suga, yana shan metformin, kuma ni ce nake kula da magungunansa tunda ni ce a kusa.

Damina ce ta fara tona mana abin. Wata rana da la'asar ya idar da alwala yana zaune kan tabarma ya miƙe ƙafa, na zo wucewa da kwano sai na ga tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi ya yi fari fat, fatar ta jiƙe tana saɓulewa kamar takardar da ta sha ruwa, a tsakiya kuma ga tsaga ja. Na ce Baba wannan fa? Ya ce cin ruwa ne kawai, ai ba ya min zafi. To wannan "ba ya min zafi" ita ta tayar min da hankali, domin an sha gaya mana a kilinik cewa suga yana kashe jijiyoyin ƙafa a hankali har mutum ya taka ƙusa bai ji ba. Na ɗaga babban yatsan na duba, farcen ya yi kauri ya koma ruwan ɗorawa, bakinsa yana marmashewa.

Kuskuren farko mu muka yi. Ƙanina ya je wani kemis a unguwa aka ba shi irin man nan mai haɗin uku da ake cewa yana maganin komai, ƙuraje, makero, kyasbi, duk shi. Kwana uku ja ya ragu muka ce Alhamdulillah, bayan mako biyu sai abin ya dawo ya fi da faɗi har ya gangaro tafin ƙafa. Da muka kai kwalin wajen likita ta karanta sai ta nuna min betamethasone a jiki, ta ce wannan sitiroid ne, yana kwantar da ja da ƙaiƙayi amma yana rage wa fata ƙarfin yaƙi da naman gwarin da ke kawo cin ruwan, sai ƙwayar ta samu sarari tana yaɗuwa a ɓoye. Har yau abin yana min ciwo, mai kemis ɗin bai ko tambayi wa za a shafa wa ba balle ya ji mai suga ne.

Ita ta rubuta mana terbinafine na shafawa, mai kashi 1 cikin 100. Kafin nan sai da ta sa ya cire takalmi da safa ta duba ƙafafu biyun, ta taɓa bugun jini a bayan ƙafa, ta ɗauko wani siririn zare na roba tana dannawa a tafin ƙafa tana cewa Alhaji ka ji? Wurare biyu bai ji ba.

Yanzu maganar man kansa. Fari ne, ba shi da maiƙo sosai, ba wari, kana shafawa yana shigewa ba ya ɓata safa. Sau biyu a rana muke sa shi, bayan asuba da bayan isha'i, don a lokacin ne yake samun tsawon lokaci ba a sake wanke ƙafar ba, in ka shafa gab da azahar ai alwala ta tafi da shi. Ina wanke ƙafar da ruwa mai ɗan ɗumi wanda ni nake gwadawa da gwiwar hannuna tunda shi ba zai gane zafinsa ba, in tsane tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin tawul da na ware masa, sannan in shafa ɗan kaɗan har ya zarce gefen wurin. A kwana na biyar farin ya ja baya, tsagar ta fara haɗewa, da aka cika mako biyu fatar ta koma daidai. Likita ta ce mu cika kwanakin da ta ɗiba ko da ya yi kamar ya warke, kuma mun cika. A nan gaskiya ba ni da ƙorafi ko ɗaya, ya yi abin da aka saye shi dominsa. Tsadarsa dai ta fi ta clotrimazole, wani man cin ruwan, kuma bututun ƙarami ne, amma clotrimazole yakan ɗauki wajen mako huɗu ana shafawa, to in ka lissafa kusan duk ɗaya ne. Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin ku biya.

Inda bai taɓuka komai ba shi ne farce. Ni da kaina na ci gaba da goga shi a kan farcen wajen wata guda ina sa rai, ko gezau. Ashe an riga an sani, mai ba ya ratsa farce, ƙwayar tana can ƙarƙashi a kwance. Duk wanda ya ce maka man shafawa zai warkar da farcen da ya yi kauri haka, kuɗinka kawai za ka zubar. Da muka koma sai aka kankari ɗan garin farcen aka kai lab don a tabbatar naman gwari ne, aka yi masa gwajin hanta, sannan aka ɗora shi kan ƙwayar terbinafine 250mg guda ɗaya kullum har mako 12, haka ake yi wa farcen ƙafa, na hannu kuwa mako 6 ne. Gwajin hantar nan ba na wasa ba ne, maganin yana iya taɓa hanta, an ce mana in ya ga fitsari ya yi duhu ko ido ya yi ɗorawa ko amai ya dame shi ya tsaya mu dawo nan take. Abin da ya same shi kawai shi ne ya ce abinci ba ya masa ɗanɗano a baki, ko miyar kuka da yake so sai ya ture, bayan ya gama maganin a hankali ya dawo.

Wani abu da na ji a bakin likitar kuma ya kamata mata su ji: irin jan da ke fitowa ƙarƙashin nono ko matsematsi ga masu suga, yawanci kandida ne, wani irin naman gwari daban, kuma clotrimazole ya fi dacewa da shi fiye da wannan. Sannan wanda yake shan maganin suga glibenclamide kada ya sayi fluconazole, maganin naman gwari na sha, da kansa ya haɗiya, haɗuwarsu tana iya faɗar da suga ƙasa sosai. Ita ma ta ce in dai suga yana sama kullum to abin zai yi ta dawowa, shi ya sa aka gyara masa magani a lokacin, awon sugansa na safe kafin karin kumallo ya sauko daga 12 zuwa wajen 7.

Rigimar da muka fi sha da Baba ita ce ta mai yankan farce. Shekara da shekaru akwai yaron da yake zuwa majalisarsu da almakashi da reza yana yanke musu ɗaya bayan ɗaya, kayan aiki ɗaya, ya ce hana shi kamar raba shi da abokansa ne. Na ce Baba ka yi haƙuri, ka zauna a majalisar amma ƙafar nan ni zan riƙa yanke ta. Na saya masa nasa abin yankan, ina yankewa a miƙe ba na shiga kusurwa, in goge bakin da abin gogewa. Takalmin robar da yake wuni da shi ma mun canza, safa ta auduga kullum sabuwar wanki, tawul kuma yana rataye kusa da butarsa, yanzu shi da kansa yake tsane yatsun bayan kowace alwala ba sai na yi magana ba.

Wata bakwai ke nan da fara ƙwayar. Rabin farcen daga tushe ya fito sabo mai haske, rabin sama har yanzu tsohon ne mai kauri yana turowa gaba ina ragewa, likita ta ce farcen babban yatsa yakan kai shekara ko fiye kafin ya canza gaba ɗaya. Wata mai zuwa za mu koma a sake duba ƙafar da zaren nan.