Primitive Technology: tashar da ba a cewa uffan

Duk mai son koyon ɗaukar bidiyon sana'ar hannu, ina ba shi shawara ya nemi tashar Primitive Technology a YouTube. John Plant ne ya buɗe ta a 2015, yana gina bukkoki da ƙera kayan aiki irin na zamanin da, shi kaɗai a wani daji da ke arewacin Queensland ta ƙasar Ostireliya. Ba ya magana, ba ya sa kiɗa, ko kyamarar ma ba ya kallo.

Abin da ya riƙe ni shi ne inda yake yanka hoto. Zai kafa kyamara wuri ɗaya, ka ga ya haƙo yumɓu, ya daka fasassun tukwane ya cuɗa a ciki don kada ya tsage a wuta. Da zarar ka gane abin da hannun ke yi, sai ya wuce. Ba ya barin ka ƙosa, kuma ba ya tsallake matakin da za ka buƙata gaba. Gatarin dutsen da ka ga an wasa, shi zai sare itacen da za a ɗora jinka a kai.

Sai kuma sauti. Tun da babu kiɗa, kunne ma yana koyo. Kana jin yadda laka ke tsotse ƙafa, da huci na zugazugi, da ƙarar tukunya idan ya ƙwanƙwasa ta bayan gashi. Daga wannan ƙarar kaɗai za ka san ta gasu. Masu lulluɓe bidiyonsu da waƙa, wallahi ba su san abin da suke zubarwa ba.

Inda nake da ja shi ne lokaci. Bukkarsa mai rufin tayil ta ci kwana 102, amma bidiyon bai kai minti 15 ba. Wanda bai taɓa aikin laka ba zai ɗauka abin wasa ne. Na so a ce yana ɗan nuna mana jiran bushewa da gajiyar.

Bayaninsa kuma yana ɓoye a rubutun ƙasan allo, sai ka taɓa alamar CC zai fito, kuma masu kallo da yawa ba su sani ba. Ni nakan kalli bidiyon haka nan tukuna, sannan in kunna rubutun in maimaita, in ga ko idona ya kama abin da yake nufi.