Labarin Gaza: wace tasha zaka bi kafin ka ƙona datarka

Tun harin Hamas na 7 ga Oktoba 2023, wanda ya kashe mutum wajen 1,200 a Isra'ila aka kuma yi garkuwa da kusan 250, da ruwan bama-baman da ya biyo baya a Gaza, mutane suke tambayata wai wa ya kamata su saurara. Ni dai abin da nake fara dubawa shine waye yake biyan albashin ma'aikatan tashar, don mai ba da abinci shi ke da ta cewa.

Aljazeera ta Qatar ce, kuma gaskiya in kana son ganin abin da ke faruwa a cikin Gaza da idonka babu kamarta, saboda Isra'ila ta hana 'yan jaridan waje shiga su kaɗai, sai dai sojoji su raka su, to su Aljazeera wakilansu 'yan can ne, a can suke kwana suke tashi, wakilinsu Wael Dahdouh ma yana tsaka da aiki aka kashe masa mata da 'ya'ya a Oktoban 2023, sannan ɗansa Hamza a Janairun 2024. Isra'ila ta rufe ofishinsu na birnin Kudus a Mayun 2024. Amma fa ba zaka ji sun matsa wa Qatar lamba ba, kuma shugabannin siyasar Hamas a Doha suke zaune, wannan ka riƙe shi a ranka.

BBC Hausa tun 1957 take tare da mu, akwai tantance labari, ba sa gaggawa. Abin da ke min ciwo shine kalmomi. Ka lura da kanun labarai na kafafen Yamma, sau da yawa Baisra'ile "an kashe shi", Bafalasɗine kuma "ya mutu", kamar zazzaɓi ne ya ɗauke shi. Su kuma magoya bayan Isra'ila haushinsu BBC ba ta kiran Hamas 'yan ta'adda da bakinta, sai dai tace gwamnati kaza ce ta kira su haka.

DW ta Jamus ce, kuma saboda tarihin kisan Yahudawa Jamus tana tare da Isra'ila a fili, ka saurare su da sanin haka. TRT Afrika ta Turkiyya ce, Pars Today ta Iran, kowa ya san inda suka karkata.

Wanda mutanenmu basu cika sani ba shine Haaretz, jaridar cikin Isra'ila ce amma tana caccakar Netanyahu da zaluncin 'yan kama-wuri-zauna a Yammacin Kogin Jordan sosai, matsalar kawai da Ibrananci da Turanci take fitowa kuma sai ka biya kuɗi.

In datarka kaɗan ce, ka haɗa biyu, Aljazeera don hoto daga fili, BBC Hausa don tabbatarwa, duk bidiyon WhatsApp da ba ka gani a ɗayansu ba kar ka tura wa kowa, wasu ma na yaƙin Siriya ne aka canza musu suna.